Fuskar Baba Ba Ta Fito Ba

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba?" tun ban karya ba, na gan ku. Wata har cewa ta yi na fi Yaya taurin kai. To ga shi nan. Amma wadda ta san hawayenta a kusa suke, ta jawo gefen mayafinta tun yanzu, kar a ce ban faɗa ba.

*

Wayar ta sake yin ƙara. Yaya ta kife ta a kan tebur ba tare da ta duba ba. Ta san ƙanwarta Auta ce, ta kuma san tambayar.

Ɗakin da take haya a saman shagon teloli ba shi da girma. Katifa a ƙasa, tebur ɗaya, kujera ɗaya, kofi ɗaya. Labule a sauke da rana tsaka, don haske na ɓata mata ganin kala a kwamfuta. Daga ƙasa ƙarar kekunan ɗinki ke tasowa haɗe da dariyar teloli, ita kuwa rabon da ta yi magana da mutum har ta manta.

Ta sake jan bidiyon baya.

Liyafar gama karatun Auta ce, wadda aka yi a tsakar gidansu kwanaki kaɗan kafin Baba ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Auta ce ta matsa mata a lokacin.

"Yaya, ni ba irin bidiyon kowa da kowa nake so ba. Irin na fim za ki yi min."

Ita kuwa ta zage, tunda aikinta ne. Ta sa kyamara ɗaukar hoto ashirin da huɗu a kowace daƙiƙa, yadda motsi zai yi laushi irin na sinima, ta daidaita saurin ƙiftawar idonta da hakan. Ta bar kalar a dishe don ta shafa launin da hannunta daga baya. Ta buɗe idon kyamarar har ƙarshe, ta ɗaura masa baƙin gilashi don kada rana ta ƙone hoton. Sannan ta kashe saitin da ke nemo fuska da kansa, ta riƙe zoben saita fitar hoto da yatsunta. Wanda ta zaɓa shi zai fito fes, sauran duk su narke a bayansa.

Kuma aikin ya yi kyau, wallahi ya yi. Ga Auta tana dariya, har gashin idonta ana iya ƙirgawa. A bayanta kuwa, can jikin bango, wani dogon abu ne fari-fari yake motsi, ba ido ba hanci.

Baba kenan.

Haka yake a kowane yanki na bidiyon. Mutumin da bai taɓa yarda an ɗauke shi bidiyo ba sai ranar, ranar ma a baya ya tsaya. Yanzu Umma ba ta da magana sai ɗaya: a kawo mata ta ga mijinta yana motsi.

Aka buga ƙofa da ƙarfi.

"Yaya, na san kina ciki. Takalminki na nan."

Ta ci gaba da kallon kwamfutar.

"Wallahi in ba ki buɗe ba zan sauka in kira telolin nan su ɓalle ta."

Ta tashi ta buɗe. Auta ta shigo da kayan aikin asibiti a jikinta da kular abinci a hannu. Ta dire kular, ta yaye labulen, ta bi ɗakin da kallo.

"Haka kike zaune? Kamar mai jinyar kanta?"

"Aiki nake."

"Aikin da ba ya ƙarewa? Umma kullum sai ta goge tabarau ta zauna jiran ki. Jiya da ta ji an taɓa ƙofa har miƙewa ta yi. Ina bidiyon?"

Yaya ta juya mata kwamfutar kawai, ta danna.

Da farko Auta murmushi ta fara, ganin kanta. Can murmushin ya soma raguwa. Ta matso da fuskarta.

"Ina Baba?"

Yaya ta ɗora yatsa a kan farin abin.

"Wannan?"

"Shi ne."

"To kai gaba, inda ya fito."

"Babu."

"Ban gane babu ba."

"Babu inda ya fito, Auta. Na bi su ɗaya bayan ɗaya."

Auta ta zauna a bakin katifa a hankali.

"To ki gyara mana. Ba ke ce mai kwamfuta ba?"

"Abin da kyamara ba ta kama ba, babu shi. Ba ɓoyewa ya yi ba da zan tono shi."

"Akwai manhajojin nan masu fito da fuska, na gani a waya."

"Na gwada." Yaya ta girgiza kai. "Wani tsoho ta ƙirƙiro min. Kyakkyawa da shi, mai furfura. Amma ba Baba ba ne. Babu ramin nan na ƙasan girarsa, inda gilashin gyaran agogo ya zauna shekara da shekaru. In na kai wa Umma fuskar wani, me na yi kenan?"

Auta ta kafe allon da ido. Bidiyon na ta tafiya. Sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Maida baya."

Yaya ta san wurin.

"Na ce ki maida baya."

Ta mayar. A wannan yankin kyamarar ta bar Auta ta nufi bango. Farin abin ya fara haɗuwa, kafaɗa ta fito, ƙeya ta fito, kunne ya fito fes. Sai Baba ya fara juyowa. Kafin fuskarsa ta iso, hoton ya zame, ya koma kan wani kofi da ke kan tebur a gaba.

"Sake."

Ta sake.

"Akwai wani irinsa?"

Yaya ba ta yi ƙarya ba. Ta nuna mata na biyu, ta nuna mata na uku. Duk iri ɗaya. Da zarar ya juyo, sai hoton ya gudu.

Auta ta miƙe tsaye.

"Wannan ba kuskure ba ne."

"Auta..."

"Ni ban san kyamara ba, amma ba makauniya ba ce ni. Hannunki ne a kan abin nan. Ke kika kawar da shi!"

"Ki rage murya."

"Ba zan rage ba! Ni na ce ki yi min irin na fim, ban ce ki goge min uba ba! Me ya yi miki da zafi haka? Don ya yi fushi kin bar masa shagon gyaran agogo?"

"Ba fushi nake da shi ba."

"To mene ne?"

Yaya ta dafe tebur.

"Kallonsa ne ban iya ba."

Auta ta tsaya.

"Kin san lokacin da na bar shagon? Lokacin da idonsa ya fara rauni. Ni ce idonsa, Auta. Ni nake zura masa ƙananan kusoshin da ba ya gani. Na ce masa kyamara nake so, ya ce in je, tunda na zaɓi kallon mutane ta rami. Bayan tafiyata shagon bai daɗe ba ya rufu. Bai taɓa ce min ke ce sila ba. Da ya faɗa ma da ya fi min sauƙi. Tun daga nan in na gaishe shi ƙasa nake kallo."

Ta share hanci da bayan hannu.

"Ranar nan na so in ɗauke shi. Wallahi na so. Sai in kawo shi, in kawo shi, da na ga zai kalle ni sai yatsuna su murɗa da kansu. Na ce a raina bari sai anjima. Bari sai wani taron."

Auta ta goge idonta, amma fuskarta ba ta saki ba.

"Ɗauki kwamfutarki."

"In kai mata me?"

"Abin da kika ɗauka. Ni na gaji da yi miki ƙarya. Kullum ina ce mata kina gyara kala."

*

Gidansu ya yi wa Yaya faɗi. Kujerar Baba na nan jikin bango inda ya saba zama, an ɗora mata kwandon wanki. Yaya ta kawar da kai ta wuce.

Umma na zaune a ɗaki a kan darduma. Da ta ga jakar kwamfuta, fuskarta ta yi haske irin wanda Yaya ta daɗe ba ta gani ba.

"Kin zo? Sannu. Kin rame. Auta, miƙo min tabarau."

"Umma, kafin ki gani, akwai abin da..."

"Kunna min tukuna. Magana ba guduwa za ta yi ba."

Yaya ta ɗora kwamfutar a kan ƙaramin tebur. Ba ta haɗa komai ba, ba ta yanke komai ba, don haka ta zaɓi yankunan gaba ɗaya ta sake su su bi juna. Ta koma gefe ta zauna a ƙasa, ta haɗa kai da gwiwa.

Sautin liyafa ya cika ɗakin. Cokula, dariya, wata 'yar'uwa tana kiran yara. Umma ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon.

"Ga shi nan!"

Yaya ta ɗago.

Yatsan Umma na kan farin abin nan.

"Ga shi can yana gyara hula. Kun gani? Kullum sai ya tura ta baya in zafi ya dame shi. Yanzu zai sa hannu a aljihu ya taɓa agogonsa. Ba na faɗa ba!"

Ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Ni ai haka nake ganinsa da safe kafin in sa tabarau. Tsayuwarsa kaɗai ta ishe ni in gane shi."

Da zagi Umma ta yi da Yaya ta fi samun sauƙi.

Yanki ya wuce, wani ya shigo. Umma ta cire tabarau ta goge da bakin zane ta mayar. Ta sake gogewa. Dariyar ta ɗauke.

"To yanzu kai ni inda ya matso kusa. Fuskar nake so in gani. Kwanan nan in na rufe ido sai ta riƙa ɓace min, sai dai ta asibiti ke zuwa. Ba ita nake so in riƙe ba."

Auta ta kalli Yaya. Yaya ta buɗe baki.

"Umma, babu. Ban ɗauki fuskarsa ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Umma ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta cire tabarau ta naɗe, ta ajiye a cinya.

"To. Allah Ya sa haka ne mafi alheri."

Ita ke nan maganar. Yaya ta ji ina ma ƙasa ta tsage ta shige. Ta miƙa hannu za ta rufe kwamfutar, daidai lokacin da allon ya yi baƙi. Yankin ƙarshe ne, wanda ba ta taɓa buɗewa ba. Ɗan hotonsa baƙi ƙirin yake, ta ɗauka kyamarar ce ta danne kanta lokacin da ta ajiye ta a ɗaki.

Sai aka yi gyaran murya.

Su ukun suka daskare. Babu wanda bai san wannan gyaran muryar ba a gidan.

"To," in ji muryar Baba, kusa sosai, kamar yana zaune a tsakaninsu. "Jar fitila ta kama. Ina jin ta fara ke nan."

Umma ta lalubi tabarau.

Baƙin ya yi ta girgiza, sai haske ya shigo. Taga ce, tagar wannan ɗakin da suke zaune. Ta cikinta ana hango bayan gida, komai dishi-dishi.

"Kai, wannan abu ya fi idona lalacewa," in ji Baba. "Bari mu ga zoben nan da take ta murzawa."

Hoton ya yi gaba, ya yi baya. Ƙarfen taga ya fito, ya ɓace. Igiyar shanya ta fito, ta ɓace. Sai ya tsaya cak.

Mace ce zaune a kan matakalar bayan kicin, ita kaɗai, da faranti a cinya. Ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa. Can nesa ana jin hayaniyar liyafa. Ta kai cokali baki, ta tauna, tana kallon bango.

Yaya ta daɗe kafin ta gane kanta. Shekarunta nawa tana ɗaukar mutane, ba ta taɓa ganin yadda take zama ba.

"Ido Ɗaya ke nan," in ji Baba a hankali. Sunan da yake tsokanarta da shi tun tana ƙarama, lokacin da take kanne ido tana leƙa cikin agogo. "Kowa na can, ita tana nan. Ko ruwa ba a kai mata ba."

Numfashinsa kawai ake ji. Hoton na ɗan rawa, amma bai bar kanta ba.

"Ashe haka abin yake. Mutum ɗaya kake zaɓa, sauran duniya duk ta tafi. To ni ga wanda na zaɓa."

Auta ta toshe baki da tafin hannu.

Hoton ya juya, taga ta wuce, duhu ya dawo.

"Af. Ta sa mata baƙin tabarau, shi ya sa. Tsaya."

Aka ji ƙarar abu ana warware shi sannu a hankali, irin warwarewar wanda ya saba da murfin agogo. Yaya ta tuna. Ranar ta dawo ɗaki ta tarar da baƙin gilashin a cire, an shimfiɗa masa farin hankici an ɗora shi a kai. Har faɗa ta yi wa yaran baƙi.

Duhun ya yaye. Madubin jikin kabad ne, wanda ke bayan Umma yanzu haka. A cikinsa ga farin abin nan, dogo, riƙe da kyamara a ƙirji, kansa a sunkuye yana duba ɗan allonta.

"Saura ni," ya ce. "Tun safe take kawo ni tana mayarwa. Ta ɗauka ban lura ba."

Yatsunsa suka murza zoben. Maɓallan riga suka fito. Gemu ya fito. Ya wuce, ya dawo baya kaɗan, kamar mai saita agogo.

Sannan ya ɗago.

"Wayyo Allah," in ji Umma.

Fes. Furfurar gira, ramin nan na ƙasan girar dama, ɗan murmushin da yake yi da gefen baki ɗaya. Bayansa duk ya narke, shi kaɗai ne a duniyar. Umma ta ɗora tafin hannunta a gefen allon, ba ta taɓa fuskar ba don kada ta kare ta.

"Shi ne. Haka yake. Haka yake wallahi."

Yaya kuwa tuni kanta ya koma ƙasa. Kallo ɗaya ta yi ta kasa na biyu. Tabarmar ɗakin take kallo, hawaye na ɗiga a kai.

"Ido Ɗaya," in ji Baba.

Ba ta motsa ba.

"Na san ke za ki fara ganin wannan, tunda kayanki ne. Na kuma san yanzu haka kanki a ƙasa yake."

Kuka ya ƙwace wa Auta.

"Ɗago ki kalle ni. Magana zan yi miki a kan shagon nan, kuma ba zan yi ta da ƙeyarki ba. Na daɗe ina..."

Umma ta danna maɓallin da ta ga Yaya na dannawa. Hoton ya tsaya, bakinsa a ɗan buɗe, idonsa a kan kyamara.

"Umma!" in ji Auta. "Ki bari mu ji mana!"

"Tashi."

"Amma..."

"Na ce tashi. Ni na ga abin da na roƙa. Sauran ba namu ba ne."

Ta dafa bango ta miƙe, ta kama hannun Auta. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Ya ce ki ɗago. Kar ki kunna sai kin ɗago."

Ƙofa ta rufu. Takunsu ya yi nisa.

Ɗakin ya rage daga ita sai shi. Babu kyamara a hannunta, babu zoben da za ta murɗa. Ta goge fuska da tafukanta biyu, ta matso gaban teburin da gwiwoyinta, ta ɗora yatsa a kan maɓallin.

Ta ɗago kai a hankali.

Yana nan yana jiran ta.

"Na'am, Baba," ta ce.

Ta danna.